Wa Zai Rubuta Ƙofar Marusa?

Yawancin abin da ɗalibi zai samu a rubuce kan kamannin birnin Katsina a da, baƙi ne suka rubuta. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo a 1851, ya bayyana faɗin ganuwa da yadda mafi yawan filin cikinta ba kowa. Bayan Lugard ya shigo ta Ƙofar 'Yanɗaka a 1903, sai rahotannin razdan da di'o suka biyo baya, su kuwa ƙidayar kawuna saboda haraji ce ta dame su. A irin wannan rubutu, Ƙofar Marusa suna ce kawai a taswira. Ba a jin abin da ke ran mai tallan fura ko almajirin da ya girma a gindinta, ga ganuwa tana zaizayewa, gidaje suna cinye gurbinta. A ganina, wajibi ne 'yan unguwa su rubuta ƙasarsu da kansu, kowa yadda ta zauna masa a rai.

Dubi Albert Camus, wanda aka haifa a Aljeriya a 1913, zamanin mulkin Faransa. Ya rubuta maƙalu kan rana da teku da kufan Tipasa, yana neman ma'anar rayuwar da mutuwa ke jira. Ya ƙaunaci ƙasar da gaske, amma da ƙyar ake ganin Larabawa masu ita a shafukansa, domin mai riƙe da alƙalami shi ke zaɓen wanda zai bayyana.

Wasu za su ce falsafar Camus ta marasa addini ce. Gaskiya ne amsarsa ba tamu ba ce, amma tambayar daga ina mutum ya fito, ina kuma ya dosa, waƙoƙin wa'azi na ajami sun daɗe suna yin ta. Wasu kuma za su ce ai Yusufu Bala Usman ya rubuta tarihin Katsina tun 1981. Aiki ne babba, sai dai da Turanci yake, kuma a 1883 ya tsaya. Bai faɗi abin da ke zuciyar dattijuwar da iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta sa danginta na Maraɗi suka zama 'yan wata ƙasa ba.

Abubakar Imam, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, ya je Ingila a 1943, ya bayyana ta da idon Bahaushe a Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malaman Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su sa ɗalibai su yi wa unguwanninsu irin wannan kallo, jaridu kuma su ware musu shafi, tun dattawan da suka san ganuwar a tsaye suna raye.