Ƙunci Ne Ke Haifar Da Salo

Masu cewa ƙarancin kayan aiki ne ke kashe fasaha su dubi Dragon Quest, wasan bidiyon da mai wasa ke shiga rigar jarumi. A 1986, a Japan, Yuji Horii da abokan aikinsa suka cusa duniya guda cikin kaset mai kilobait 64. Wuri ya yi musu kaɗan, haruffan katakana 20 kawai suka iya ajiyewa, daga cikinsu aka ƙera sunayen dodanni. Matsin ya tilasta musu zaɓe, zaɓen kuwa ya zama salo. Yau manyan kamfanoni sun samu yalwa, sai ga taswirori maka-maka cike da aike-aike iri ɗaya. Wanda bai taɓa zubar da komai ba, ina zai san abin da ya cancanci ajiyewa?