Wuƙar Annabi Sulaimanu da Rigimar Riƙon 'Ya'ya

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ina zaune a zauren wani dattijo aminin mahaifina a Mabai ta ƙasar Ƙanƙara, muna taɓa hirar damina da tsadar taki, sai ga wani magidanci ya faɗo mana ko sallamar kirki babu, ya durƙusa a gefen buzu yana huci, ya ce, "Baba, yau wata biyu ke nan da yaye yaron nan, sau uku ina aika gwaggonsa ta ɗauko mini shi, uwar tana hanawa, wai sai dai bayan ranta. To, wallahi ko ta ba ni ɗana, ko kuwa a ji abin da ba a taɓa ji ba a garin nan." Dattijo bai tanka ba sai da ya kai ƙarshen carbinsa, sa'an nan ya ɗaga kai ya ce, "Gyara zama, ɗana. Wane malami ne ya ba ka fatawar cewa da an yaye yaro ya zama naka kai kaɗai?" Magidanci ya yi turus, domin tun da yake bai taɓa jin an yi wannan tambaya ba. Abin da ya tashi ya tarar, wanda kuma galibinmu muka tashi muka tarar, shi ne ɗa na uba ne, mace kuwa tun da ba da shi ta zo ba, ba da shi za ta fita ba.

An lallashe shi ya tafi, amma maganganun nan biyu, nasa da na tsohuwar matarsa, sun kwana suna yi mini kai da kawo a zuci, saboda kusan irinsu aka furta a wata ƙasa mai nisa kafin a wayi gari da gawa takwas. A daren 21 wayewar 22 ga Afrilu, 2016, a gundumar Pike, wadda ƙasa ce ta mutanen karkara, a jihar Ohayo ta Amurka, aka bi gidaje huɗu ɗaya bayan ɗaya aka harbe mutum takwas na dangin Rhoden, galibinsu suna cikin barci: maigida Christopher, da tsohuwar matarsa Dana, da 'ya'yansu uku, da yarinyar da babban ɗan zai aura, da wan maigidan, da wani ɗan'uwansu. Ƙaraminsu shekararsa 16. A cikinsu akwai Hanna, 'yar shekara 19, wadda aka tarar da jaririyarta kwance a gefenta da rai, jaririyar da ko kwana bakwai ba ta cika ba.

Sai da hukuma ta yi shekara biyu da rabi tana bincike, sa'an nan ranar 13 ga Nuwamba, 2018, ta kama mutum huɗu 'yan gida ɗaya, watau gidan Wagner: uba, da uwa, da 'ya'yansu biyu maza. Abin da ya bayyana a gaban shari'a shi ne, ƙaramin ɗan, Jake, yana da 'ya tare da Hanna, yarinyar kuwa a lokacin ba ta cika shekara uku ba. Da zama ya ƙi suka rabu, sai ya matsa mata lamba ta sa hannu a takarda ta sallama masa riƙon yarinya, ita kuwa ta ƙi, har ta rubuta wa wata a Facebook cewa sai dai su kashe ta tukuna. Ashe uwar Jake, Angela, tana leƙen irin waɗannan saƙonni a asirce, ta ga maganar, ta kai gida. Daga nan, bisa ga shaidar da Jake da uwarsa suka bayar da bakinsu, aka zauna aka yi shawara kamar yadda ake shawarar sayen gona, aka ɗauki watanni ana shiri, aka ƙirƙiri takardun jabu na riƙo, aka haɗa abin da zai danne ƙarar bindiga, aka kuma yanke cewa kashe uwar kaɗai ba zai wadatar ba, tun da tana da dangin da za su tsaya mata. Ranar 22 ga Afrilu, 2021, shekara biyar cif da ta'asar, Jake ya amsa laifinsa, ya ce mutum biyar ya harbe da hannunsa. Uwarsa ta amsa nata aka yanke mata shekara 30. Wansa George ya musanta, amma a ƙarshen 2022 kotu ta same shi da laifi, ta ɗaure shi rai da rai har sau takwas. Uban kuwa ya tsaya a kan bai aikata ba.

To, mai karatu, bari mu yi lissafin ribar da yarinyar ta samu, tun da an ce dominta aka yi. A dare ɗaya ta rasa uwarta, da kakanta da kakarta na wajen uwa, da kawunnanta biyu. Bayan shekara biyu da rabi kuma kurkuku ta haɗiye ubanta, da kakarta ta wajen uba, da baffanta. Waɗanda suka ce ba za su jure raba riƙonta da kowa ba, su ne suka bar ta ba uwa ba uba.

Na san wani zai ce ai wannan halin Turawa ne, mu Musulmi ne, ina ruwan biri da gada. Amma Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tushen wancan bala'i abu uku ne, kuma babu wanda baƙo ne a wurinmu: ɗaukar yaro tamkar dukiyar da ake mallaka, da shigar dangi cikin husuma don su hura wuta maimakon su kashe ta, da samuwar makami a kusa. Na ukun nan kuwa, mu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba sai an ba mu labari ba. Ƙasar da aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba, 2020, aka kora yara cikin daji kamar garke, har aka dawo da 344 bayan kwana shida, ƙasa ce da bindiga ta yi araha a cikinta, rai kuma ya fi ta araha. Mai jin haushin surukinsa a yau ba ya buƙatar ya ɗauki makami da kansa, raɗa guda ta ishe shi a kunnen wanda bai kamata ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin mamaki, alhali muna alfahari da cewa mu mabiya mazhabar Imamu Malik ne, kuma babu garin da ba a karanta Risala a zaurukansa, hukuncin da mazhabar ta yanke a wannan mas'ala yana gabas, al'adarmu tana yamma. Fuƙaha'unmu, tun daga Ibn Abi Zaid na Ƙairawan mai Risala, zuwa Shaihu Halilu mai Muhtasar, zuwa Ibn Asim na Garnaɗa mai Tuhfa wadda alƙalanmu ke dogara da ita, sun kira wannan babi hadana, watau reno da riƙo, kuma sun tabbatar da cewa idan aure ya mutu uwa ce ta fi cancanta da shi, ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace har ta yi aure ta tare. Idan uwa ta auri wani bare, haƙƙin ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa ga uba. Uwarta ce ke biye, sa'an nan 'yar'uwarta, watau innar yaro, kuma sai an wuce waɗannan da kakar wajen uba kafin layi ya iso kansa. Shari'a ba ta kori uba ba, ta dai ba shi nasa kason: ciyarwa da tufatarwa da muhalli suna wuyansa ko da yaro ba ya ƙarƙashin rufinsa, kuma shi ne mai wilaya, yana da ikon duba lafiyar ɗansa, da ladabtar da shi, da kai shi makaranta. Ita ma mai riƙo an gindaya mata sharuɗɗa na hankali da amana da iyawa da amintaccen wuri, wanda duk ta rasa, alƙali ya karɓe ya ba na gaba. Ma'aunin duka dai ɗaya ne, maslahar yaro.

Wanda yake ganin girmansa ya wuce a hana shi ɗansa, ya tuna da abin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa game da Sayyadina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda. Ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya bayan ta haifa masa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, ya kama hannunsa ya aza shi a kan abin hawansa. Kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa, suka yi jayayya har gaban Halifa Abubakar, shi kuwa ya umarce shi da ya sakar mata yaron. Umar, wanda sarakunan Farisa da Rum za su zo su yi shakkarsa, bai mayar da ko kalma ɗaya ba. Haka kuma a shekara ta 7 bayan Hijira, da Aliyu da Ja'afar da Zaidu suka yi jayayya a kan riƙon 'yar Sayyadina Hamza, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, Ja'afar ya ba, saboda innar yarinyar ce matarsa.

Mu kuwa yaya muke yi? Duk wanda ya tashi a ƙauye ya ga ranar ɗaukar yaro. Gwaggo ta zo da hantsi ta zauna a bakin ɗaki, uwa ta ninke 'yan riguna biyu da wando ta ƙulle a tsohon ɗankwali, ta soka 'yan takalman roba a gefe, ta ɓalle ƙuli ta damƙa masa don ya shagala, sa'an nan ta juya wa ƙofa baya don kada ya ga fuskarta. Shi kuwa ana saɓa shi a kafaɗa yana miƙo hannu, kukansa bai daina isowa ba sai da aka sha kwanar masallaci. Daga nan sai hannun matar uba, wadda in an yi dace da mai tsoron Allah, falillahil hamdu, in ba a yi ba, to, sai abin da hali ya yi. Ba mu manta da yaron nan na unguwar Badariya a Birnin Kebbi ba, wanda aka gano a watan Agusta na 2020 ɗaure cikin dabbobi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Sau da yawa kuma uban da ya tayar da jijiyar wuya ya karɓo ɗa, bai cika shekara ba sai ya haɗa shi da allo da ɗan kwano ya tura shi birni. Ashe ba riƙon yake so ba, ƙuntata wa uwar yake so, da gudun kuɗin ciyarwa, da gudun a ce ɗansa agola ne a gidan wani ƙato.

Adalci kuwa ya wajabta a faɗi laifin ɗaya ɓangaren. Akwai matan da ke mayar da yaro sandar dukan tsohon miji: in ya zo ganinsa a ce yana barci, in ya aiko da kuɗi a ce ba su isa ba, a yi ta ɗura wa yaro ƙiyayyar ubansa tare da kunu, wata ma ta ɗora wa 'yar shekara bakwai farantin talla tana cewa ai ita ke riƙo. Akwai kuma sabuwar fitinar da rashin tsaro ya haifar mana, ta matan da aka kashe mazajensu a gona ko a hanya, waɗanda ba su gama takaba ba baffannin marayu sun fara jayayya a kan riƙo, alhali idonsu a kan gonar gado yake. Duk waɗannan cin amana ne, ko da wane suna aka kira su.

A nan ne hukuncin Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, yake zama mizani. Mata biyu kerkeci ya ɗauke ɗan ɗayarsu, kowacce ta ce wanda ya rage nata ne. Da ya nemi a kawo wuƙa a raba yaron biyu, sai ƙaramar ta roƙi kada a yi, ta ce ta bar wa babbar, shi kuwa nan take ya gane uwar gaskiya, ya miƙa mata ɗanta. Hikimar ita ce, so na haƙiƙa ana gane shi da abin da mutum zai iya haƙura da shi domin yaro ya tsira. Mutanen gidan Wagner sun yarda a sa wuƙar. Haka nan duk uban da ya ce ko a ba shi ko a ji mummunan labari, da duk uwar da ta gwammace ɗanta ya tashi bai san ubansa ba, sun yarda a sa ta, ko da jini bai zuba ba.

Saboda haka ina kira ga alƙalan kotunan Shari'a na wannan yanki da kada su rufe shari'ar saki ko hul'i sai sun rubuta a takarda ɗaya wanda zai riƙe yara, da abin da uba zai bayar kowane wata, da ranakun da zai gan su, domin barin waɗannan a buɗe shi ne ke mayar da mutane ga ƙarfin tuwo. Wanda bai gamsu ba kuwa, tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin duba irin wannan mas'ala, hanyar Katsina a buɗe take. Malamanmu su karanta babin hadana a bainar jama'a kamar yadda suke karanta babin alwala, a huɗuba da wajen ɗaurin aure. Hakimai da magaddai da masu unguwanni, in suka ji mutum ya yi barazana a kan ɗa, kada su ce zafin zuciya ne kawai, su kira shi tun magana tana baki. Ku kuma kakanni da gwaggonni da kawunnai, ku ji tsoron Allah, ku zama masu yayyafa ruwa, domin a Ohayo da kakar yarinyar aka ƙulla makircin.

Kai kuma ɗan'uwana na zauren Mabai, in wannan jarida ta iso hannunka, auna hatsi ka aika gidan su yaron, ka je da kanka ka gan shi da rana tsaka, in kana da ƙorafi ka kai gaban alƙali. Yaron zai girma, kuma wata rana zai tambaye ka yadda ka yi da uwarsa. Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu. Sai mako mai zuwa, in muna da rabon ganawa.