Wa ke da alhakin kwalbatin da ta toshe?

Ambursa gari ne mai sa'ar hanya, in an kwatanta da maƙwabta. Titin Birnin Kebbi zuwa Argungu ya ratsa ta, ga kuma filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello a gefenta, inda alhazai ke tashi kowace shekara. Duk babban baƙon da ya sauka, ta nan zai bi. Hanyar da manya ke bi kuwa ba ta daɗewa da rami.

To amma ka sauka daga kwalta ka nufi fadama a watan Agusta. Tafiyar minti goma ta isa ka ga wata duniya. Burji ya koma taɓo, ruwa ya yanke hanya a inda kwalbati ta cika da yashi da leda, ɗan kabu-kabu ya ninka kuɗi, kuma ba ka da bakin cewa ya yi zalunci. Daga waɗannan hanyoyi shinkafar da muke alfahari da ita take fitowa. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya a 2015, aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa a Argungu a 2017, muka yi ta murna. Buhun shanshera dai sai ya hau amalanke ko bayan babur kafin ya ga injin, kuma kowane rami da ya faɗa, daga aljihun manomi ake cire kuɗinsa.

A takarda an raba aiki. Manyan tituna na Gwamnatin Tarayya ne, har da hukumar gyara da aka kafa a 2002. Na tsakiya na jiha ne, na ƙauyuka kuma na ƙaramar hukuma. Matsalar ita ce wanda ya fi kowa yawan hanyoyi shi ya fi kowa ƙarancin kayan aiki. Ƙananan hukumomi 21 gare mu a Kebbi. Nawa ne ke da gireda mai tashi? A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ni abin da nake jira in gani shi ne ko wannan hukunci zai taɓa isa bakin kwalbati.

Dattawa suna ba da labarin leburorin hanya na zamanin En'e, kowace tawaga da zangonta, da shebur da diga. Ba na kewar mulkin da ya zo da aikin tilas, Allah ya raba mu da shi. Sai dai sun san abin da muka manta: ruwa ne ke kashe hanya, mota ƙarasawa kawai take yi. In aka yashe magudana a watan Mayu, aka zuba marmara a kafaɗar titi, hanya za ta ga damina biyar. In aka bari, damina ɗaya ta ishe ta. Wanda ya ga ambaliyar 2020, lokacin da gulbi ya haɗiye gonakin shinkafa ya karya gadoji, ba ya buƙatar injiniya ya yi masa bayani.

Na san dalilin da ya sa ba a son wannan aiki. Yasar kwalbati ba ta da biki. Ba a kafa rumfa, ba a yanka ƙyalle, ba a gayyato makaɗa, ba allon da zai ɗauki sunan kowa. Shi ya sa aka bar gyaran hanya a hannun yaran da ke zuba ƙasa a rami suna ɗaga wa direbobi hannu don a jefa musu naira hamsin.

Yanzu ana aikin babban titin Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon sama da kilomita 1,000, wanda zai ratsa Kebbi. Madalla, Allah ya sa a gama lafiya. Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomin Birnin Kebbi da Argungu bai kai wannan ba. Kowace mazaɓa ta sami matasa goma masu albashi, a ba su baro da shebur, a rubuta sunan kowace kwalbati da wanda zai amsa tambaya a kanta, a liƙa takardar a ƙofar hakimi kafin ruwan farko ya sauka.