Sauka Daga Tirela Ba Faɗuwa Ba Ce

  

Labari ya iso mana daga Fassi ta ƙasar Kibiya cewa wani ɗan'uwa, magidanci mai 'ya'ya, wanda ya daɗe yana jan tirela tsakanin Kano da Kudu, ya mayar wa maigidansa makulli, ya tafi Rano ya durƙusa a gaban wani bakanike da bai kai shi shekaru ba, yana koyon gyaran injin ban ruwa. Tun daga ranar ya zama abin magana a majalisa. Wasu na cewa asiri aka yi masa, wasu kuma na cewa yaya wanda ya riƙe yaran mota zai koma ana aikensa ɗauko sifana. Mu kuwa muna ganin ɗan'uwan nan ya yi daidai, kuma abin tambaya ba dalilin saukarsa ba ne, a'a, wa zai riƙe shi har ya tsaya da ƙafafunsa?

Kada a yi mana gurguwar fahimta. Tuƙi sana'a ce halattacciya, kuma ba don direbobi ba da tumatirin Kadawa da shinkafar Kura sun rasa masaya a nesa. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu, waɗanda ba sa barin salla ta wuce su ko a kan wace hanya suke. Amma gaskiya ɗaya ce, hanya tana karɓar kuɗinta a jikin mutum da iyalinsa da addininsa. Direba yakan yi mako biyu ko uku bai kwana a ɗakinsa ba. A haifa masa ɗa, a raɗa suna yana layin lodi a Apapa. Shari'a ta yi wa matafiyi rangwamen kasaru, ta ɗauke masa wajabcin Juma'a, amma wanda rayuwarsa duka ta zama tafiya, yaushe zai zauna gaban malami, kuma wa zai bi sawun karatun 'ya'yansa? Ga ƙwayoyin hana barci da suka halaka samari da yawa. Ga kuma haɗarin da ba na mota ba: ba mu manta da mafarauta 16 da aka sauke daga babbar mota aka kashe a Uromi ta Jihar Edo cikin watan Maris na 2025 ba, da yawansu 'yan ƙasar Bunkure, maƙwabtanmu. Wanda ya auna duk wannan ya zaɓi gida, ba asiri ke ɗawainiya da shi ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Su kuwa masu ganin koyon sana'a ƙasƙanci ne ga babba, sai mu tambaye su: a ina suka samo wannan ma'auni? Alƙur'ani ya ba mu labarin cewa Annabi Nuhu (AS) ya sassaƙa jirgi, Annabi Dawuda (AS) kuma yana ƙera sulke alhali yana sarki. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya (AS) kafinta ne, kuma Bukhari ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa mafi alherin abincin mutum shi ne wanda ya samu da aikin hannunsa. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, a littafinsa na Hisba, ya lissafa noma da saƙa da gini cikin farillan kifaya, wato idan gari ya rasa masu yin su, laifin ya hau kan kowa.

A nan gida ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, inda ya sanya kula da masu sana'a, irin su maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa, cikin ayyukan shugaba, ya kuma nemi a wadata kowane gari da su. Tarihin Hausa Bakwai kuwa ya kira Kano da Rano sarakunan baba saboda rini. Ashe ke nan da sana'ar hannu aka fara sanin ƙasar nan, tun kafin a ga sunan Rano a jikin tankokin mai.

Bukatar kuma tana nan a fili. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya zama jigon arzikin wannan yanki. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, manoma da yawa sun koma ga famfo mai aiki da hasken rana. Injin ban ruwa, injin casar shinkafa, galmar tarakta, rijiyar burtsatse, kowanne yana neman hannun da ya san shi, kuma sau da yawa sai an ɗauki kaya zuwa birni ana tsakiyar ban ruwa, shuka na ƙuna. Tsohon direba kuwa ba baƙon inji ba ne. Kunnensa ya riga ya san kukan lafiya da na ciwo.

To, ina matsalar take? Tana cikin shekaru biyu ko uku na koyo. Yaro ɗan shekara 15 yana koyo ne yana cin tuwon gidan ubansa, magidanci kuwa shi ake jira ya kawo cefane. A nan ne da yawa suke karaya, su koma hanya suna ƙi. Gwamnati tana da hukumomin da aka kafa domin irin wannan, kamar ITF tun 1971, ga kuma cibiyar koyon sana'o'i ta Ɗangote a Kano, kuma muna kira ga 'yan'uwa su nemi haƙƙinsu a can. Sai dai takardar shiga ba ta ɗora tukunya a Fassi.

Don haka muke ba rassanmu shawara uku. Na farko, kwamitin zakka ya sanya irin waɗannan magidanta cikin lissafinsa idan sun cika sharaɗin mabukata, musamman a lokacin zakkar hatsi. Malamai irin su Imamun Nawawi sun bayyana cewa ana ba matalauci mai sana'a abin da zai sayi kayan aikinsa. Buhun masara da akwatin sifanu da za su mai da mutum mai fitar da zakka sun fi 'yan canjin da ake rarrabawa su ƙare kafin magariba. Na biyu, 'yan'uwa masu gareji da walda da kafinta su buɗe ƙofa ga manya, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu: tsawon koyo, abin sabulu na mako, da ranar yaye. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma mun ga yadda rashin rubutu ke mai da almajirin sana'a bawa. Maigida ya ji tsoron Allah, kada ya ɓoye ilimi, kada kuma ya wulaƙanta mai furfura a gaban yara. Na uku, shi mai niyyar sauka ya yi shiri: ya yi istihara, ya shawarci iyalinsa, ya yi tanadi tun yana kan mota, ya rabu da maigidansa lafiya ba tare da cin amana ba, sannan ya ajiye girman kai a bakin ƙofar gareji. Gemu ba ya hana ilimi.

Ya 'yan'uwa, mun daɗe muna wa'azi a kan shaye-shaye da mutuwar aure da lalacewar tarbiyya. Ga mutum ya ji kira, ya bar kuɗin hannu domin ya samu sahun asuba a masallacin unguwarsu. Idan muka bar yunwa ta mayar da shi inda ya fito, da wane baki za mu kira na bayansa?

Allah Ya sanya albarka a neman halalinmu, Ya kiyaye 'yan'uwanmu da ke kan hanya, Ya dawo da su ga iyalansu lafiya.