Sharhi: Filayen Awon Igiya da Makomar Birnin Sakkwato

Sharhinmu na yau zai duba matsalar muhalli a birnin Sakkwato.

Garin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 ya daɗe da tsallake ganuwarsa. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa ƙananan hukumomin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu kaɗai na da mutum fiye da 400,000, yau kuwa gine-gine sun kutsa cikin Wamakko da Dange-Shuni da Kware. Ga masu shigowa neman abinci, ga kuma waɗanda 'yan bindiga suka koro daga Sabon Birni da Isa da Rabah, waɗansunsu suna fakewa a kangayen jama'a. Kowa cikinsu sai ya sami wurin kwana. Idan hukuma ba ta yanka filaye ba, manomi ne zai yanka gonarsa, dillali ya auna da igiya, a rubuta takardar ciniki gaban shaidu. A irin wannan awo ba a barin hanyar mota, balle magudanar ruwa ko filin makaranta da asibiti. Abin da mutanen unguwar Mabera suka sha a hannun ruwan sama damina bayan damina ya isa shaida. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar birane a hannun gwamna, don haka alhakin tsarawa yana wuyan gwamnati, amma kullum jama'a ke riga ta isa wurin.

Wani zai ce ai gwamnatoci sun gina rukunin gidaje a Gwiwa da Kalambaina da Gidan Salanke. Gaskiya ne, kuma abin yabo ne. Sai dai gidaje ɗari-ɗari ba za su ɗauke birnin da ke ƙaruwa kowace rana ba, kuma galibi ma'aikata ke samun su. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 ya dogara ne ga cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, alhali ɗan kabu-kabu da ɗan dako da mai tireda ba su da takardar albashi. Talaka ɗaki-ɗaki yake gini, gwargwadon abin da ya samu. Abin da ya fi buƙata shi ne fuloti mai araha, mai hanya da lambatu, da takardar mallaka wadda ba sai ya yi shekaru yana sintiri a ofisoshi ba.

Wani kuma zai ce a yi rusau kawai, domin amincewa da unguwannin awon igiya zai ƙara wa masu karya doka ƙarfin gwiwa. Ba shakka wanda ya gina a kan hanyar ruwa dole a tashe shi, ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta koya mana haɗarin wasa da ruwa. Amma a ba shi diyya da wani fili, in ba haka ba zai koma gefen gari ya sake wani awon igiyar. Mutum ba ya barin fili mai takarda ya sayi na rigima in farashinsu ya yi kusa. Kuma kuɗin fitar da hanya a gona bai kai rabin wahalar fasa gidaje da biyan diyya daga baya ba. Tun ran gini, tun ran zane.

Saboda haka muna kira ga hukumar tsara birane ta jiha da ta riga jama'a isa bayan gari, ta shata hanyoyi da magudanan ruwa tun wurin yana gona. Hakimai da masu unguwanni su daina sa hannu a cinikin filin da ba shi da hanya. Ku kuma masu saye, ku binciki fili kafin ku biya kuɗinku.