A rage wa foklif gudu, amma a bar notin famfon gas

1/ Samarin Lafagu da Tsamiya masu neman aikin tuƙa foklif a sito-siton shinkafa, ku matso mu yi maganar gudu.

2/ Foklif mai ɗaukar tan 2.5, wato buhu 50 na kilo 50, nauyinta kaɗai ya kusa tan 4. Da tayoyin baya take shan kwana. Ka sha a guje da kaya a sama, sai kifewa, ga 'yan dako a gefe.

3/ Ina goyon bayan a ƙayyade gudun, amma ba ta ɗaure notin famfon gas ba. Injin nan shi ke juya famfon haidurolik. Ka shaƙe shi, ɗaga kaya ma ya yi sanyi. Direba ya ƙosa, ya kwance notin a ɓoye, har ya zarce saitin kamfani.

4/ Sababbi a kwamfutarsu makanike ke saita gudu. Tsofaffi a sa musu na'urar da ke auna juyin taya.

5/ Masu sito kuma, in lissafin tirelar da aka loda ne kuɗin direba, wallahi gudu zai yi. Ku biya shi na wuni.