Iska ta kowa ce, ƙasa kuwa tana da masu ita: darasi daga Tafkin Turkana

A arewacin Kenya, cikin gundumar Marsabit kusa da Tafkin Turkana, akwai wani sarari tsakanin duwatsun Kulal da Nyiru inda iska ke kaɗawa dare da rana. A nan aka kafa manyan fankoki 365 masu samar da lantarki megawat 310. Shugaba Uhuru Kenyatta ya ƙaddamar da tashar a Yulin 2019, ita ce mafi girma irinta a Afirka a lokacin, tana kuma ba Kenya fiye da kashi 10 cikin 100 na wutar da take sha, ba hayaƙi, ba sayen mai. Wannan alheri ne da ba mai musun sa. Sai dai abubuwa biyu sun faru waɗanda ya kamata mu tsaya a kansu.

Na farko, an gama kafa fankokin a 2017, amma layin da zai kai wutar Suswa, mai tsawon fiye da kilomita 400, bai kammala ba, domin kamfanin Isolux na Sifen da aka ba kwangilar ya karye. Sai a Satumban 2018 wuta ta fara tafiya. Kafin nan, yarjejeniya ta wajabta wa Kenya biyan kuɗin wutar da ba wanda ya kunna ko ƙwan fitila da ita. An haƙa rijiya, ba a tanadi guga ba.

Na biyu shi ya fi nauyi. Filin nan wurin kiwo ne na makiyayan Rendille, Samburu da Turkana tun kaka da kakanni. A 2014 wasu mazauna yankin suka kai ƙara, suna cewa an ba da eka 150,000 ba tare da shawararsu ba. A Oktoban 2021 kotun muhalli da filaye da ke Meru ta yanke hukuncin cewa ba a bi doka ba wajen ba da takardun mallakar. Daji da makiyayi ke bari da rani ya komo masa da damina, ba za a ce ba shi da mai shi ba. Maslahar ƙasa baki ɗaya ba ta shafe haƙƙin mai rauni.

Me ya haɗa mu da wannan? A 2022 gwamnatin Nijar ta sa hannu da kamfanin Savannah Energy na Birtaniya kan tashar iska mai ƙarfin da zai kai megawat 250 a Tarka, jihar Tawa, ƙasar noma da kiwo. Mun kuma ga duhun da aka shiga a Agustan 2023 da Najeriya ta katse wutar da take turowa. Buƙata ta matsa, kuma matsuwa ita ke sa a yi gaggawar sa hannu.

Saboda haka, duk inda za a kafa irin wannan tasha, muna ganin a fara zama da manoma, makiyaya da sarakunansu kafin a kafa turke ko ɗaya. A rubuta faɗin filin da tsawon wa'adin haya, a bar burtali da mashaya a buɗe, a fayyace rabon jama'a, a gama layi tare da fankoki, a kuma ja wuta zuwa ƙauyukan da suka ba da ƙasarsu.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana.